Dajin Falgore da Masu Cin Arzikinsa

Mai bin hanyar Kano zuwa Jos, da ya wuce Tudun Wada sai ya ga gonaki sun ja da baya, itatuwa sun matso bakin kwalta, direba ya ƙara wuta, hirar cikin mota ta ragu. An shiga Falgore ke nan. Turawan mulki ne suka keɓe shi a shekarun 1940 da sunan gandun dajin Kogin Kano, sannan a shekarun 1960 aka mayar da shi gandun namun daji. Faɗinsa ya kai kimanin hekta 92,000, ya taɓa ƙananan hukumomin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Ba kurmi ba ne irin na Kuros Riba, amma a duk Jihar Kano babu inda ruwan sama ya fi sauka kamar wannan kusurwa, kuma a bakin rafukansa akwai duhuwar da rana ba ta cika ratsawa ba.

Ta cikinsa Kogin Kano ya ratso daga tsaunukan Jos kafin ya zube a madatsar ruwa ta Tiga da ke Bebeji, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo. Saboda haka manomin tumatir na Kadawa da mai shinkafar Kura, ko ba su taɓa taka Falgore ba, da arzikinsa suke noman rani. Saiwar itace ce ke riƙe ƙasa. Idan aka sare itacen, ruwan damina ya kwashi ƙasar ya zuba a kogi, kogi ya kai ta Tiga, cikin madatsar ya riƙa cikewa da laka.

Sai dai ba da wannan aka san Falgore ba. A bakin jarida da rediyo, sunansa ya fi tafiya tare da ɓarayin shanu da masu tare hanya da masu garkuwa da mutane, har ta kai sojoji sun yi atisayen Harbin Kunama na biyu a yankin a 2017. Wannan mugun suna ya yi wa dajin ɓarna ta daban: abin da mutane ke tsoro ba sa kishinsa, kuma ba wanda zai tashi ya yi magana don an sare shi.

Alhali kuwa akwai mutanen da rayuwarsu ke rataye da shi. Akwai Kurama a ƙasar Doguwa, akwai Maguzawa a ƙauyukan kudancin Kano, akwai Fulanin da suka san kowane mashayi da burtali, ga maharba ƙarƙashin sarakunan bakansu, ga masassaƙa da maƙera da masu magani. Saninsu ba a littafi yake ba. Yana cikin kirarin da maharbi ke yi wa ɓauna da gwanki, da kiɗan farauta, da zanen da Bafulatana ke yi wa ƙwaryarta, da hannun masassaƙin da ya san iccen da ya dace da kowane aiki: kirya don turmi da gawayin maƙera, aduwa don allon karatu, maɗaci don magani da katako. Yau da yawa daga namun da ake yi wa kirarin sun yi wuyar gani, kirarin ya fi su tsawon rai.

A dubi daddawa kawai. Mace za ta dafa kalwar ɗorawa har ta yi laushi, ta zuba a turmi ta surfe ɓawon, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe a wuri mai ɗumi kwana biyu ko uku har warin nan da aka sani ya tashi, sannan ta daka ta mulmula ta shanya. Itatuwa biyu ke cikin wannan sana'a, ɗorawar da ta ba da kalwa da kiryar da ta ba da turmi, ban da iccen da aka hura. Shi ya sa manomin Kano tun kaka da kakanni yake barin ɗorawa da kaɗanya da kuka a tsakiyar gonarsa. Ba malamin daji ne ya hana shi sarewa ba, ya san ribarsu ce, kuma ya san tasa ce.

Mai gawayi lissafinsa daban. Ya sare icen, ya gutsuttsura, ya jera, ya lulluɓe da ciyawa da ƙasa, ya sa wuta ta riƙa ci a hankali kwana da kwanaki, sannan ya ɗura a buhu ya kai bakin titi. Kiryar da ta yi shekaru tana girma ta ƙare a 'yan buhuna. Zagin mai gawayi abu ne mai sauƙi, amma murhun da ke jiran buhun a birnin Kano yake, inda kalanzir da gas suka fi ƙarfin talaka.

A wasu wurare, masu fasaha ne suka fara sauya yadda ake kallon daji. Misali mafi kusa yana Osogbo. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce kurmin Osun ya fara lalacewa, masu yankan katako da masu neman fili sun sa shi a gaba. Susanne Wenger, 'yar ƙasar Ostiriya da ta zo Nijeriya a 1950, ta haɗa kai da magina da masassaƙan garin, cikinsu har da Adebisi Akanji, suka cika kurmin da manyan gine-gine da sassaƙe-sassaƙe. A 1965 gwamnati ta sa wurin cikin kayan tarihin ƙasa, a 2005 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya, hekta 75 na tsohon kurmi a gefen babban gari. Abin bautar da ke wurin ba namu ba ne, kuma ba shi ne abin koyi ba. Abin lura shi ne, da aka ba mutane abin da za su zo su gani, sai sare wurin ya zama abin kunya.

A Barazil ma haka. A 1989 mawaƙin Ingila Sting ya zagaya ƙasashe da Raoni, shugaban al'ummar Kayapo mai faifai a leɓe, suna neman a shata wa mutanensa iyakar ƙasarsu a kurmin Amazon. A 1993 gwamnati ta tabbatar musu da yankin Menkragnoti, kusan hekta miliyan biyar. Waƙa ta jawo idon duniya, amma takardar mallaka ce ta ba Kayapo hurumin korar masu katako da masu haƙar zinariya. Kuma abin ba ya zuwa kyauta. An harbe Chico Mendes, jagoran masu tatsar roba, a Xapuri cikin Disamban 1988. A nan gida an rataye marubuci Ken Saro-Wiwa ranar 10 ga Nuwamba 1995 bayan ya tsaya kan ƙasar Ogoni.

Ba sai an je nesa haka ba ma. A Maraɗi, tun daga 1983, wani mai suna Tony Rinaudo da manoman yankin suka fara abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a ƙone kututturen da ya tsiro a gona, sai a zaɓi 'yan tsirai masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Abin bai bazu sosai ba sai da manomi ya tabbata cewa icen da ya raina nasa ne, ba na ma'aikacin gandun daji ba. Daga nan gawo da sauran itatuwa suka dawo a miliyoyin hekta na kudancin Nijar, kuma gidajen rediyo masu magana da Hausa sun taimaka wajen yaɗa labarin.

Kano kuwa ba ta rasa kayan aiki. Ita ce cibiyar Kannywood da mawaƙan zamani da marubuta littattafan Hausa, ga gidajen rediyo birjik. Amma idan daji ya fito a fim, galibi maɓoyar aljanu ce ko sansanin 'yan fashi. Da wuya a ga wanda ya ɗauki kyamara ya zauna da sarkin baka ko da mai daddawa ya tambaye su yadda dajin yake a ƙuruciyarsu. Mawaƙin da zai iya sa sunan ɗan takara a bakin yaran jiha cikin mako guda, zai iya yi wa Falgore haka in ya ga dama.

Batun haƙƙi shi ne mai wuya. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, don haka makomar daji a ofis ake yanke ta. A 2020 gwamnatin Ganduje ta buɗe rugar zamani ta makiyaya a dajin Dansoshiya da ke Kiru. A ƙarshen shekarar kuma gwamnatin tarayya ta sanar da sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma, Falgore na cikinsu tare da Kogo na Katsina da fadamar Haɗejiya ta Jigawa. Wannan matsayi yana zuwa da ma'aikata masu bindiga da kasafin kuɗi, yana kuma zuwa da dokar hana farauta da kiwo da saran itace. Ga mai tsintar 'ya'yan kaɗanya da makiyayin da kakansa ya shayar da shanu a rafukan Falgore, tambayar ita ce ko za a ɗauke su abokan tsaro ko masu laifi. A Gashaka Gumti, gandun ƙasa mafi girma a Nijeriya, an bar wa makiyaya da manoma wasu keɓaɓɓun wurare a cikin gandun inda suke zaune suna kiwo da noma bisa sharaɗi. Tsarin yana da rigingimunsa, amma aƙalla ya fara da amincewa cewa mutanen sun riga gandun zuwa.