Gyaran wutar lantarki a gida: yaushe ake sanar da Nijelek?

Ɗan Barto gari ne na bakin iyaka, a kan hanyar Damagaram zuwa Kano. Kayan lantarki na shigowa da yawa daga kasuwannin Daura da Kano: waya, fanka, firiji, dutsen guga. Mutane da yawa na sayowa, su ɗaura da kansu. To amma ba kowane aiki ne mai gida ke da izinin yi ba. Wani aikin sai an sanar da hukuma.

Wuta tana da iyaka biyu

Nijelek ita ce kamfanin wutar ƙasar Nijar. An kafa ta a 1968. A 2016 aka yi dokar lantarki, wadda ta tsara aikin wuta, ta kuma tanadi horo ga masu satarta.

Tun daga turke har zuwa kontar, wadda mutanen Nijeriya ke ce wa mita, aikin Nijelek ne. Daga bayan kontar zuwa cikin ɗakuna, nauyin mai gida ne. Wanda ya gane wannan iyaka ya huta da rigima.

Abin da mai gida ke iya yi

Yana iya canza ƙwan lantarkin da ya ƙone. Yana iya canza makunni ko wurin jona wuta da ya fashe, in ya san aikin. Amma dole ya fara kashe wutar gidan duka daga babban makashin da ke kusa da kontar. Hannu ya zama busasshe, ƙafa da takalmin roba. Wutar gida ƙarfinta bolt 220 ne. Tana kashe babban mutum, balle yaro.

Abin da sai an kira gwani

In za a kai wuta sabon ɗaki ko shago a cikin gidan, a kira ma'aikacin da ya koyi aikin. Shi ya san kaurin wayar da ta dace: mai lamba 1,5 don fitilu, mai lamba 2,5 don wuraren jona kaya. Siririyar waya in an ɗora mata kaya mai nauyi zafi take yi, robarta ta narke. Daga nan sai gobara, ga dangar kara, ga rumbu kusa.

Kayan Nijeriya da yawa suna da baki mai ƙafa uku masu kusurwa. Ramukan bango na Nijar kuwa zagayayyu ne. Kada a yanke bakin a cusa tsirarar waya. A sa gwani ya canza bakin.

Abin da sai an je wurin Nijelek

1. Sabon jonin wuta. Mai gida ya rubuta takardar neman wuta. Ma'aikata su zo su duba, su faɗi kuɗin aiki. In ya biya, ya karɓi rasit ya adana.

2. Gusar da kontar. Ko gini za a rushe, ba mai ɗaga ta sai ma'aikacin Nijelek. Akwai hatimi a jikinta. Wanda ya tsinke shi ya jawo wa kansa tara.

3. Ƙarin ƙarfi. Kowane gida yana da iyakar ƙarfin da ya sa hannu a kai. Misali, mai kilowat 3 yana da wat 3.000. Dutsen guga na cin wajen wat 1.000. Abin dafa ruwa na cin wajen 2.000. In an kunna su tare, ga firiji, an wuce iyaka, sai makashin ya faɗi. Ba lalacewa ya yi ba, gidan ya tsare. Kada a ɗaure shi, kada a tsallake shi da waya. Mai son sa injin niƙa ko na walda ya nemi a ƙara masa ƙarfi.

4. Ba maƙwabci wuta. Wutar gida ɗaya aka rubuta wa. Jan waya ta kan katanga a sayar wa wani, an hana. Maƙwabci ya nemi tasa kontar.

Masu injin wuta da farantin rana

A watan Agusta na 2023 Nijeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, sai a watan Maris na 2024 ta maido. Ƙarancin wuta na sa mutane sayen injin wuta ko farantin rana. Wanda zai jona su da wayoyin gidansa, dole gwani ya sa masa makunnin da ke raba su da layin Nijelek. In babu shi, wutar injin na komawa kan turke. Ma'aikacin da ya hau gyara yana tsammanin ba wuta, sai ta kama shi.

Jama'a, a kiyaye. In an ga waya ta faɗo ƙasa, a kori yara da dabbobi, a sanar da Nijelek ko ofishin magajin gari nan take. Tambaya kafin aiki ba ta cin ko dala. Rigakafi ya fi magani.