Darasi na 12: Dabbobi Al'ummomi Ne Kamar Mu

Godiya ta tabbata ga Allah Mahaliccin kowa da komai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi masu saurare a Kara-Kara da sauran unguwannin Damagaram, Allah Ya karɓi azuminmu.

A aya ta 38 ta Suratul An'ami, Allah Ya sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsayen sama al'ummomi ne kamar mu. Magabata sun ɗauki wannan magana da nauyinta. Jahizu mutumin Basra, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan hijira, ya wallafa Kitabul Hayawan a kan halayen dabbobi, haka ma Damiri na Masar, wanda ya rasu a 808, ya bar mana Hayatul Hayawan. Masu binciken zamani sun bi sawun dabbobi iri-iri da kayan aikin da magabata ba su samu ba, kuma abin da suka gano yana da amfani ga imaninmu da gonakinmu.

Mu fara da ƙudan zuma, wanda aka sanya wa sura guda sunansa. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Karl von Frisch, ya shafe shekaru yana sa wa ƙudaje alamar fenti yana lura da su. Ya gano cewa idan ɗaya ta sami furanni, sai ta koma amya ta yi wata irin rawa a kan saƙa. Inda ta fuskanta a rawar yana nuna wa ƴan'uwanta gefen da abincin yake idan an auna da rana, daɗewar kaɗa jikinta kuwa yana nuna nisansa. A kan wannan aka ba shi kyautar Nobel a 1973. To wane malami ya karantar da ita lissafin rana da nisa?

Sai shamuwa, wadda kowane manomi ya san cewa in ta sauka a itatuwan gari damina ta ƙarato. Masu bincike daga Danmak sun ɗaura wa wasu shamuwoyi ƙaramar na'ura a nan Nijar, tauraron ɗan Adam yana ba da labarin inda suke. Sai aka ga bayan sun ƙyanƙyashe ƴaƴansu a wurinmu suna tafiya gabashin Afirka da kudancinta, suna bin ruwan sama, sa'an nan su komo. Babban abincinsu fara ce da sauran ƙwarin da ke cin amfanin gona.

Mafi kusa da rumbunanmu shi ne al'amarin farar ɗango. Ba mu manta da 2004 ba, lokacin da ta haɗu da ƙarancin ruwa, aka shiga yunwar 2005. A da masana suna zaton farar da ke zaune ita kaɗai a daji da wadda ke zuwa ta rufe rana iri biyu ne, har Boris Uvarov ya bayyana a 1921 cewa halitta ɗaya ce mai hali biyu. Idan an yi ruwa a hamada, kamar yankin Abzin da Tamesna, sai ta hayayyafa. Ciyawa na fara bushewa sai su taru a ɗan wurin da ya rage kore, suna gogar juna. An gwada a ɗakin bincike a Ingila an ga cewa yawan taɓa ƙafafunta na baya kaɗai yana sauya halinta cikin sa'o'i kaɗan, mai gudun ƴan'uwanta ta koma mai neman su. Daga baya launinta ya sauya, a zama runduna, kowace ɗaya tana cin kwatankwacin nauyinta a yini. Shi ya sa ma'aikatan yaƙi da fara suke zuwa can arewa su tare ta tun tana ƴar tsalle, kafin ta yi fiffike.

Saboda haka akwai hakki a kanmu. Makiyayi ko matafiyi da ya ga ƴaƴan fara sun taru, ya gaggauta sanar da ma'aikatan gona, domin jinkirinsa na iya zama asarar gari guda. Wanda ke kama fara don sayarwa ya nisanci wadda aka fesa wa magani. Iyaye su hana yara jifar shamuwa da kwashe ƙwanta, a kuma daina sare itacen da take sheƙa a kai, domin wanda ya kore ta ya kori mai tsaron gonarsa. Ku tuna hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare.

Ku kuma samarinmu na fada, ku dubi wannan fara: ita kaɗai ba ta da ɓarna, taro ne ya sauya ta. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ku zaɓi waɗanda za ku zauna da su bayan tarawihi.

Allah Ya tsare mana gonakinmu, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya sa mu cikin ƴantattun wannan wata. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.