Buhunana Ashirin da Suka Ƙi Fitar da Naman Kaza

A damanar bara, da na je hutu gida Daddara, a kan hanyar Katsina zuwa Jibiya, na tarar da wani abu ya fito a jikin kututturen bedi da ke bayan gidanmu. Ja ne mai sheƙi kamar an shafa mashi mai, ga tauri kamar katako. Gwaggona ta ce, "Kai yaro, rabu da shi, laimar kwaɗi ce." Ni ko na gane shi, don na taɓa ganin hotonsa a jikin kwalin wani kofi da ake tallatawa wai yana maganin ciwon suga. Sunansa Ganoderma. Mutanen Sin suna kiran ɗan'uwansa lingzhi, na Japan suna ce mashi reishi, kuma sun daɗe suna sa shi cikin maganin gargajiya. Nan take na ce na samu furojet.

Da na dawo makaranta na yanki ɗan tsokar cikinsa na raina a faranti a ɗakin gwaji, sannan na zuba a buhunan leda ashirin cike da garin katako da dusa waɗanda na turara. Cikin wata guda duk suka yi fari fat. Na ɗauka aiki ya ƙare. Aka ƙara sati uku, shiru. Ga kuɗin da Baba ya ba ni sun tafi, ga ranar kare furojet tana matsowa. Wallahi har barci ya fara gagara ta.

Malamin da ke duba aikina ya tambaye ni inda na aje su. Na ce cikin kabad, na rufe ruf don kada ƙura ta shiga. Ya yi dariya ya ce, "To ka je ka karanto abin da ke sa funfuna ta yanke shawarar haihuwa." Abin da na karanto ke nan nake son in ba ku, 'yan'uwa ɗalibai.

Abin da muke kira naman kaza ba shi ne ainihin halittar ba. Halittar ita ce wannan farin zaren da ke saƙa cikin ƙasa ko cikin ruɓaɓɓen icce yana ci, dangin funfunar da ke kama burodi. Laimar da muke gani kamar ɗan icce take: aikinta ta watsa ƙurar iri. Gina ta yana cin abinci da ruwa da yawa, shi ya sa zaren ba ya farawa sai wasu sharuɗɗa sun cika.

Na farko, aure. Zaren da ya tsiro daga ƙwayar iri guda yana da cibiya ɗaya a kowace ƙwayar halitta, kuma a mafi yawan irin waɗannan funfuna ba ya haihuwa shi kaɗai. Sai ya gamu da wani zaren sun haɗe, kowace ƙwaya ta riƙe cibiya biyu, gefe da gefe, ba tare da sun narke cikin juna ba. Rukuni biyu na ƙwayoyin gado ke kula da wannan, ana ce masu A da B. Rukunin B yana yin wani sinadarin kira da kuma makarɓinsa, shi ke ba cibiyar baƙo izinin ratsawa cikin zaren. Rukunin A yana yin furotin iri biyu waɗanda ba su aiki sai ɗaya ya fito daga wannan ɓangare, ɗayan daga wancan. In suka riƙe hannu sai su kunna sauran ƙwayoyin gadon. Dole A da B na ma'auratan su bambanta. Wata funfuna mai suna Schizophyllum commune, wadda masana suke yawan yin gwaji da ita, tana da jinsi sama da 23,000 ta wannan hanya. Mu da ke da biyu kacal muna ta fama da lefe!

Malam ya ɗora zarena a madubin ƙara girma ya nuna mani wasu 'yan ƙugiyoyi a kan gaɓoɓin zaren. Waɗannan su ne shaidar auren. Tunda daga tsokar laima na ɗebo shi, da aurensa ya zo. Matsalar ba nan take ba.

Na biyu, haske. Funfuna ba ta da ido, ba ta kuma haɗa abinci da rana kamar gero, amma tana da furotin biyu, WC-1 da WC-2, waɗanda aka fara ganowa a funfunar Neurospora. WC-1 yana ɗauke da wani ɗan sinadari mai shan shuɗin haske. Da hasken ya taɓa shi sai siffarsa ta canza, shi da abokinsa su hau kan DNA su kunna ƙwayoyin gadon da ke jiran umarni. Da masu bincike a ƙasar Holan suka cire ƙwayar gadon WC-2 daga Schizophyllum, sai ta makance: zare yana ta yaɗuwa, laima babu. Haka ya faru da suka cire wasu ƙwayoyin gadon biyu masu ba da umarni, hom2 da fst4. Ni da na karanta wannan sai na tuna kabad ɗina.

Na uku, iska. Zare yana numfashi, yana fitar da iskar kabon dayoksaid. In ta taru, a wurinsa alama ce cewa har yanzu yana binne, ba amfanin buɗe laima inda iska ba za ta ɗauki iri ba.

Akwai kuma wani abin da ya fi burge ni. Zare cikin danshi yake rayuwa, kuma fatar saman ruwa tana da ƙarfin da za ta hana siririn abu kamarsa huda ta. Sai ya fitar da wasu ƙananan furotin, haidirofobin, waɗanda Joseph Wessels da abokan aikinsa a Jami'ar Groningen suka raɗa wa suna a 1991. Suna jeruwa a saman ruwan su sassauta shi, zaren ya leƙo, sannan su lulluɓe shi da rigar da ruwa ba ya kamawa. Daga nan zaruruwan ke cuɗewa su yi ɗan ƙulli, ƙullin ya zama ƙurji fari, ƙurjin ya zama laima. Wani nau'in haidirofobin ɗin kuma yana shafe hanyoyin iska na cikin laimar don kada ruwa ya toshe su.

Na fito da buhunan, na tsaga bakinsu, na jera su inda haske ke shiga ba rana kai tsaye ba, ina fesa ruwa safe da yamma. Bayan kwana goma sha wani abu fararen ƙuraje suka ɓullo. Amma da yake na yafa masu leda don riƙe danshi, sai suka miƙe zalo-zalo kamar ƙahon barewa, ba faɗi. Iska ce ta yi kaɗan. Da na yaye ledar, kawunan suka fara buɗewa.

Ina ruwan wannan da magani? A 2012 masana a ƙasar Sin suka fitar da taswirar ƙwayoyin gadon lingzhi, sama da 16,000. Sun ga cewa sinadaran nan masu ɗaci da ake neman sa dominsu kaɗan ne a farin zare, suna hauhawa lokacin ƙurji, sannan su ragu in laima ta girma. Ke nan garin da aka niƙa daga zare da wanda aka niƙa daga laima ba abu ɗaya ba ne, ko da suna ɗaya aka rubuta a kwali. Kuma na bayan gidanmu ɗan'uwan na Sin ne kawai, ba lallai sinadaransu su zo daidai ba. Gaskiya ne an samu magani daga funfunar icce: Japan ta amince da PSK a 1977, aka riƙa haɗa shi da maganin kansa na asibiti. Amma batun suga, nazarin da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2015 bai ga Ganoderma ta sauke sukarin masu ciwon ba.

Buhu goma sha huɗu suka haihu, shida koriyar funfuna ta cinye su. Da su na kare furojet. Na kai wa Gwaggo guda ɗaya Daddara, ta juya shi ta ce, "To yanzu in jiƙa in sha, in huta da ƙwayoyin asibiti?" Na ce, "A'a Gwaggo, ki ci gaba da shan maganinki." Ta ɗan lasa, ta yamutsa fuska, ta ce ya fi maɗaci, ta rataye shi a ƙusa bayan ƙofa.