Saiwar Nibima: Daga Shimfiɗar Mai Magani Zuwa Ɗakin Gwaji a Kumasi

Duk wanda ya saba ratsa Aboabo ko Asawase a Kumasi ya san shimfiɗar mai magani: buhu a ƙasa, ɗaurin saiwoyi, ɓawon maɗaci, kimba da masoro, ga kwalaben tsimi a jere. Cikin maganin zazzaɓin da mutanen Gana suka fi yarda da shi akwai wata siririyar saiwa, in ka karya ta cikinta rawaya ne, in ka ɗanɗana ɗacinta ya daɗe a harshe. Asantawa suna kiranta nibima. Tafiya kaɗan daga waɗannan unguwannin Zongo, a kan hanyar Accra, malaman Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah sun shafe shekaru suna tuhumar wannan saiwa: me ke cikinta, kuma nawa jikin mutum zai iya ɗauka? Ra'ayina shi ne aikin nasu bai zo don ya ƙwace sana'ar mai magani ba, ya zo ne da abin da gado kaɗai ba ya bayarwa, wato awo.

Jagora a wannan fage shi ne Farfesa Albert Tackie, wanda ya koyar a tsangayar haɗa magunguna ta jami'ar. Shi da abokan aikinsa irin su Dwuma-Badu sun bi itatuwan Afirka ta Yamma ɗaya bayan ɗaya, tare da masana na Jami'ar Pittsburgh a Amurka. Aikin na mai haƙuri ne. A shanya saiwa, a niƙa, a jiƙa a barasar gwaji, a tace, sannan a zuba ruwan a dogon bututun gilashi da aka cika da farin gari, sinadarai su riƙa saukowa kowanne da nasa saurin har su rabu. Daga buhun saiwa wani lokaci abin da za a samu bai cika cokalin shayi ba. A 1978 ƙungiyar Dwuma-Badu ta ba da rahoton samun sinadarin quindoline a nibima, a 1993 kuma Tackie ya bayyana wani sabo da aka raɗa wa cryptospirolepine. Babban mai aikin dai shi ne cryptolepine, wanda gwaji ya tabbatar yana kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro.

Mai musu zai ce ai kakanni sun sha sun warke tun ba a gina jami'a ba. Gaskiya ne, kuma masanan ba su musa ba. Daga wajen masu magani likita Oku Ampofo ya karɓi ilimin ganye, har aka kafa cibiyar binciken magungunan itatuwa a Mampong-Akuapem a 1975. Sai dai ɗakin gwaji ya ga abin da ido ba ya gani. Shi wannan cryptolepine yana kutsawa cikin zaren gado na ƙwayar halitta, don haka bai tsaya kan ƙwayar cuta kaɗai ba, yana iya taɓa ƙwayoyin jikin mutum. Gwajin da aka yi kan ɓeraye a jami'ar Kumasi ya nuna illa ga haihuwa da ɗan tayi. Mace mai ƙaramin ciki da ta sha kofi uku maimakon ɗaya, in cikin ya zube, wa zai danganta shi da tsimin? Sai a ce tsautsayi ne. Ga kuma rikicin suna: a wasu littattafai an rubuta sunan nibima da Hausa gangamau, sunan da ake kiran kurkum da shi. Abu biyu masu rawaya, suna ɗaya, aiki daban.

Musu na biyu ya fi nauyi, kuma ban raina shi ba. Ana cewa malami ya karɓi sirri a hannun tsoho, ya samu farfesa, tsohon ko sunansa ba a ambata ba. Hakan ya sha faruwa. Amma ɓoye ilimi ba ya maganin wannan zalunci, kabari kawai yake kai shi. Gana ta yi dokar aikin maganin gargajiya a 2000, jami'ar Kumasi kuma ta buɗe digiri kan maganin ganye a 2001. Wanda ya yi rajista, aka gwada haɗinsa, yana da hujjar da zai kare haƙƙinsa da ita. A Sin ma ta hanyar ɗakin gwaji Tu Youyou ta fito da artemisinin daga ganyen da tsofaffin littattafai suka ambata, maganin da yau ake rubuta wa yaran Zongo a asibiti.

Iyaye na Zongo, ku tura 'ya'yanku karatun sinadarai da haɗa magunguna, musamman waɗanda suka tashi a gidan sana'ar magani suna jin Hausa da Twi. Sabara, marke da tafashiya suna jiran wanda ya san sunansu tun yana yaro ya kai su ɗakin gwaji. Mai juna biyu kuwa kada ta sha nibima sai da izinin likita.