Shin Ko Kun San? Finafinan da Kowa Ya San Ƙarshensu

Shin ko kun san cewa mahaɗar Pen Cinema da ke tsakiyar Agege ta gaji sunanta ne daga gidan sinimar da ya taɓa tashe a wurin? Sinimar ta daɗe da rufewa. Abin da mai wucewa zai gani yau shi ne gadar sama da gwamnatin Legas ta buɗe a watan Maris na 2021. Kallo kuwa bai mutu ba, waya ya koma. Daga Zango har mayankar Oko-Oba, da an tashi daga kasuwa za ka ga samari sun duƙufa a kan wayoyinsu, kuma cikin abin da masu turi ke zuba musu a memori akwai wani irin fim da ba a cika ambatonsa a gaban manya ba: fim ɗin sha'awa da fargaba, wanda ake buɗe shi da cin amanar aure, a rufe shi da gawa.

Shin ko kun san kusan dukkansu zubinsu ɗaya ne? Miji ko mata ta yi tafiya. Wata baƙuwar fuska ta ɓullo a ofis ko a wurin biki. Shaiɗan ya ratsa sau ɗaya. Washegari mai auren ya ce a binne maganar, ɗayan ya ce ai yanzu aka fara. Daga nan sai kiran waya da tsakar dare, idan uwargida ta ɗauka a yi shiru. Sai maigida ya dawo daga aiki ya tarar da baƙuwar a falonsa tana hira da matarsa. A minti goman ƙarshe a kaure da kokawa a banɗaki ko a saman bene, wani ya faɗo. Wanda ya kalli uku, tun kafin a kai rabin na huɗu zai gaya maka wanda zai mutu.

Shin ko kun san wannan zubi ya girmi Najeriya mai 'yancin kai? A 1944 Billy Wilder ya fitar da Double Indemnity a Amurka, labarin wani ma'aikacin inshora da matar aure ta ruɗe shi har suka kashe mijinta don su ci kuɗin inshorarsa. A lokacin akwai ƙa'idojin tace finafinai masu tsauri a Hollywood, waɗanda aka tsananta aiki da su daga 1934 har aka jingine su a 1968. Sun hana nuna tsiraici, sun hana ƙawata zina, sun kuma wajabta cewa mai laifi ya ga sakayya kafin fim ya ƙare. Da aka cire takunkumin, tsiraicin ya shigo, sakayyar ƙarshen kuwa ta zauna daram, don 'yan kallo sun riga sun saba da ita.

Shin ko kun san ta Indiya ma ya iso mana? Body Heat na 1981 ya ɗora a kan wancan na 1944, sai Indiyawa suka juya shi ya zama Jism a 2003, da Bipasha Basu da John Abraham. Haka Bafaranshe Claude Chabrol ya yi La Femme infidèle a 1969, Amurkawa suka sake shi da sunan Unfaithful a 2002, Indiyawa suka mai da shi Murder a 2004, fim ɗin da ya fito da Emraan Hashmi da Mallika Sherawat. Iyayenmu sun san finafinan Indiya tun zamanin da Kwarori ke shigo da su sinimomi a shekarun 1950, lokacin da in saurayi ya matso kusa da budurwa sai kyamara ta kauce ta koma kan furanni. Har gobe akwai uwar da in ta tambayi yaro me yake kallo ya ce mata Indiya ne, sai hankalinta ya kwanta. Indiyar da ta sani ba ita ce ta bayan 2003 ba.

Shin ko kun san fim ɗin da ya fi kowanne suna a wannan fage, 'yan kallo ne suka zaɓa masa ƙarshe? Fatal Attraction ke nan, na Adrian Lyne, wanda ya fito a 1987. Michael Douglas ya fito a matsayin Dan, lauya mai mata da 'ya a birnin New York. Glenn Close ta fito a matsayin Alex, matar da ya yi ƙarshen mako da ita lokacin da iyalinsa ba sa gari. An kashe wajen dala miliyan 14 a kan fim ɗin, ya tara kusan miliyan 320 a duniya, ya kuma shiga takarar kyautar Oscar a rukuni shida. To amma a ƙarshen da aka fara ɗauka, Alex ce ta kashe kanta da wuƙar da ke ɗauke da zanen yatsun Dan, 'yan sanda suka zo suka tafi da shi a gaban matarsa. Da aka nuna wa 'yan kallon gwaji, sai suka ƙi. Jini suke so, kuma na macen. Aka sake kiran 'yan wasa, aka ɗauki sabon ƙarshe inda Alex ta shigo gidan da wuƙa, uwargida ta bindige ta a banɗaki. Glenn Close ta yi ta turjiya kafin ta amince, don ta tuntuɓi likitocin ƙwaƙwalwa a kan halin Alex, ta ɗauke ta a matsayin mara lafiya mai neman taimako. Shekaru bayan haka ta fito fili ta ce fim ɗin ya ƙara wa masu taɓin hankali baƙin jini, kuma a 2010 tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar yaƙi da ƙyamar masu irin wannan lalura.

A nan babban aibin yake, kuma shi ya fi ci mini rai. Mutum biyu suka aikata abu, ɗaya yana da igiyar aure a wuyansa, shi ya yi alkawari, shi ya karya. Amma kafin fim ya ƙare an mai da macen dodo, an mai da shi abin tausayi, ya rungume iyalinsa, kyamara ta tsaya a kan hoton iyalin kamar ba abin da ya faru. Saurayin da ya kalli irin wannan sau ashirin, darasin da zai zauna masa ba na riƙon amana ba ne; na a yi hattara wajen zaɓar wadda ba za ta tona asiri ba ne.

Shin ko kun san Obsessed na 2009 ma ya wuce nan? A cikinsa Idris Elba bai ma taɓa matar da ta liƙe masa a ofis ba, an wanke shi tas tun daga farko, aka bar Beyoncé, matarsa a fim ɗin, da Ali Larter, wadda ta liƙe masa, suna dambe har ɗaya ta faɗo daga saman gida. Masu sharhi sun yi masa kaca-kaca, amma ya ninka kuɗin da aka zuba masa fiye da sau uku.

Shin ko kun san rashin adalcin har bayan kyamara ya bi? An sayi rubutun labarin Basic Instinct na 1992 a kan dala miliyan 3. Sharon Stone, wadda fuskarta ta sayar da fim ɗin, ta ce dala dubu 500 aka biya ta, abokin wasanta ya karɓi miliyan 14. A littafin tarihin rayuwarta na 2021 ta ce ba a gaya mata gaskiyar abin da kyamara za ta ɗauka ba a fitowar da aka fi yamaɗiɗi da ita. Daraktan, Paul Verhoeven, ya musanta.

Duk da haka, ba zan ce ba su da abin yabo ba. Sanin ƙarshen labari ba ya kashe labari. Yaron da ke sauraron tatsuniya ya san asirin Gizo zai tonu, abin da ya hana shi barci shi ne yadda za a kai ga tonuwar. Mai kyau a cikin waɗannan finafinai yana nuna abin da wa'azin minti biyar ba ya iya nunawa daki-daki: yadda ɓarna ke farawa daga ƙaramin abu, karɓar lambar waya, ƙarya guda a kan inda aka tsaya, goge saƙo kafin a shiga gida, da yadda kowace ƙarya ke neman wata ta tallafe ta. Ba sa buƙatar bama-bamai ko motocin tsere. Kicin, falo da ƙarar waya sun ishe su tayar wa mai kallo da hankali.

Shin ko kun san Unfaithful ya samar wa Diane Lane shiga takarar Oscar, kuma fitowar da aka fi yaba mata ba ta da magana? Tana zaune a jirgin ƙasa za ta koma gida bayan ta ci amanar mijinta, murmushi da kuka da kunya suna kokawa a fuskarta. A fim ɗin mijin, wato Richard Gere, ya kashe kwarton ne da wata kyautar ado da shi da kansa ya taɓa saya wa matarsa, ita kuma ta ɗauka ta ba wa wancan. An ƙare da su biyu a mota, a tsaye kusa da ofishin 'yan sanda, ba a gaya maka ko ya shiga ba. Babu dodo a ciki, babu wanda ya fita fes. Irinsa ba su da yawa. Saura sukan kwashe awa guda suna tallar zunubin da kiɗa mai taushi da haske mai kyau, su ware minti biyar na hukunci, sannan su kira kansu faɗakarwa.

Shin ko kun san Legas ɗin nan ce ta fara gwada wa 'yan Najeriya irin wannan a kaset? Kenneth Nnebue, wanda ya yi Living in Bondage a 1992, ya fitar da Glamour Girls a 1994, labarin matan birni da manyan masu kuɗi, ya yi kasuwa ƙwarai, ya kuma jawo surutu. An sake shi a Netflix a 2022. Daga Idumota da kasuwar Alaba kasusuwa da faifai suka riƙa bazuwa ko'ina. A 2023 kuma Afirka ta Kudu ta kawo Fatal Seduction mai dogon zango, wanda shi ma aro ne daga wani shirin ƙasar Meziko na 2020: malamar jami'a mai aure, saurayi ɗan ƙarami, sai gawa.

Shin ko kun san hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana da alamar 18 ga finafinan manya? Alamar a jikin kwali take da farkon fim. Abin da aka tura ta Xender ko WhatsApp ba shi da kwali. Hukumar tace finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001 bayan ƙaddamar da shari'a, ikonta bai wuce iyakar jihar ba. A ɗakin haya guda a Agege, inda uba da uwa da yara biyar ke kwana, kuma wayar yayan ita ce talabijin ɗin ƙannensa, babu mai tacewa sai mutanen ɗakin.

Akwai kuma wata illa da ta shafi unguwanninmu fiye da na wasu. Agege, Idi-Araba da Mile 12 cike suke da 'yan ci-rani da suka bar iyali a Arewa, wasu sai da Sallah suke leƙa gida. Su kuwa waɗannan finafinai, ginshiƙinsu shi ne duk wanda ya juya baya an ci amanarsa. Bawan Allah ya wuni yana dako ko fawa, dare ya yi ya kwanta da wannan a idonsa, gobe ya kira gida ba a ɗauka ba saboda babu caji ko babu sabis. Zargi ba ya buƙatar hujja kafin ya yi saiwa, kuma ya kashe auren da babu kwarto a cikinsa ba sau ɗaya ba.

Shin ko kun san Kannywood ta taɓa wannan jigo ba tare da kowa ya tuɓe ba? Wasila, wanda ya fito a 2000, ya nuna Ali Nuhu a matsayin mijin da matarsa ta ci amanarsa, kuma yana cikin finafinan da suka fi tashe a zamaninsa. A masana'antar da ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau a 2016 saboda rungumar mawaƙi ClassiQ a bidiyon waƙa, dole darakta ya koyi ba da labari da kallon ido, rufe ƙofa da takalmin baƙo a bakin ɗaki. Wannan takura ce, amma takura ce da ke koyar da gwaninta.

Shin ko kun san wata marubuciyar Kano ta juya zubin gaba ɗaya tun 1990? A littafin Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaji Abdu ne ya kwaso Delu daga bariki, ya kori uwargidansa Rabi da tarin 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar abinci ta riƙe yaranta, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan mutunci. Sakayyar a kan Alhajin ta sauka: gobara ta cinye shagonsa, dukiya ta watse, amaryar ta nuna masa halinta. Kuma marubuciyar ba ta ba mai karatu ƙarshe mai sanyaya rai ba, don bayan duk wannan sai dangi suka taru a kan Rabi ta koma ɗakin mutumin da ya wulaƙanta ta. An mai da littafin fim a ƙarshen shekarun 1990. A 2012 kuma kamfanin ɗab'i na Blaft da ke birnin Chennai na Indiya ya buga fassararsa ta Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi.