Yaushe aikatau ke zama safarar mutane?

In an ce safarar mutane, hankali kan tafi Agadas da hamadar Libiya. Amma wadda ta fi kusa da ƙauyukan Ikara, Maƙarfi da Kudan na Jihar Kaduna ba ta buƙatar fasfo. Dillaliya ce za ta zo, sau da yawa 'yar gari, ta ce wa uwa, “Yaya, ba ni yarinyar nan ta je birni ta tara kuɗin kayan ɗaki.” Daga nan sai mota zuwa Kano ko Abuja. Albashin kan biyo ta hannun dillaliyar, yarinya kuwa ta bar makaranta, ba mai jin kukanta in an zalunce ta. Talauci ne ke sa iyaye amincewa, amma abin akwai ciwo.

Don yaƙi da safarar mutane, gwamnatin tarayya ta kafa hukumar NAPTIP a 2003. Dokar hukumar da aka sabunta a 2015 ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, har da mai kai shi da mai karɓa. Hukuncin ɗaurin wata shida ne zuwa shekara uku. Jihar Kaduna ma ta yi dokar kare yara a 2018.