“Na'am” Ɗin Ɗalibi: Fahimta Ce Ko Kunya?

Duk wanda ya taɓa zama a zauren karatu a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya san yadda ake biya darasi. Ɗalibi ya buɗe Ahalari ko Ishmawi, ya karanto gaɓa ɗaya ta Larabci, malam ya fassara masa da Hausa, shi kuma ya amsa da “na'am” ya wuce gaba. Tsari ne mai albarka, da shi malamanmu suka zama malamai. Sai dai “na'am” ɗin nan iri biyu ce: akwai ta wanda ya fahimta, akwai kuma ta wanda jikinsa ke kan tabarma hankalinsa yana kasuwa. A kunnen malam kuwa sautinsu ɗaya.

Tun muna yara aka hore mu da kame baki a gaban manya, kuma wannan ƙarfi ne da bai kamata a raina ba. Ɗalibinmu ya iya zama, ba ya katse malami, kunnensa ya saba da ɗaukar karatu har ya haddace. Amma a nan ɗin ne raunin ya ɓuya. Yaro zai tashi daga darasin sujadar ƙabli da ba'adi bai gane komai ba, ya yi shiru, a yaba masa da ladabi. Sai ranar da ya yi rafkanuwa a sallah, ya rasa yadda zai gyara.

Imam Bukhari ya ware babi guda a Kitabul Ilmi kan kunya wajen neman sani. A ciki ya kawo labarin Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, wadda take kama da Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Ya faɗo wa Abdullahi a rai cewa dabino ce, amma ya ji nauyin magana saboda ƙuruciyarsa a cikin manya. Da Annabi ya bayyana amsar, dabinon ce kuwa. Bayan an tashi ya gaya wa mahaifinsa, sai Sayyidina Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa, da ya fi soyuwa gare shi fiye da dukiya mai yawa. Uban da ya san darajar ladabi ke nan, amma bai yaba wa ɗansa kan wannan shirun ba. A babin ne kuma aka kawo yabon Nana A'isha ga matan Ansar, domin kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba.

Babin da ke biye ya kawo mafita. Sayyidina Aliyu yana da tambaya kan maziyyi, amma ya ji kunyar yi wa Annabi ita da kansa, kasancewar yana auren 'yarsa. Bai binne tambayar ba, sai ya aiki Miƙdadu ya tambayo masa. Kunyarsa ba ta zube ba, hukuncin kuma ya zo wa al'umma.

Akwai kuma ɗaya nau'in ɗalibin, wanda Allah Ya hore wa baki. Shi ake turawa muhawara, shi ke jawabi ranar walimar sauka. Baiwa ce, amma sau da yawa mai ita ba ya sauraro. Ana magana yana shirya raddi, kafin a dasa aya ya karɓe. A ganinmu raunin wannan ya fi na mai kunya haɗari, domin mai kunya ya san bai gane ba, shi kuwa wannan ya ɗauka ya gane.

Ibnu Abbas ya ruwaito cewa a farkon wahayi Annabi kan motsa leɓɓansa yana bin Mala'ika Jibrilu don gudun kada wani abu ya kuɓuce masa. Sai ayoyi na 16 zuwa 19 na Suratul Ƙiyama suka sauka, suka hana shi gaggawar. Daga nan ya koma yana saurare har Jibrilu ya kammala, sannan ya karanta. Haka ya yi ma da abokin gaba. A littattafan Sira, Utba ɗan Rabi'a ya zo masa da tayin Ƙuraishawa na dukiya da shugabanci don ya bar kira zuwa ga Musulunci. Annabi bai katse shi ba har ya kai ƙarshe, ya kira shi da alkunyarsa ta Abul Walid, ya tambaye shi ko ya gama, sannan ya karanta masa farkon Suratu Fussilat. Idan an saurari Utba har ƙarshe, ina dalilinmu na katse abokin karatu don ya saɓa mana kan ƙabalu da sadalu?

Muwaɗɗar da muke karantawa a ƙasar nan ta zo mana ne ta ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi, mutumin Andalus da ya rasu shekara ta 234 bayan Hijira. Malaman tarihi sun kawo cewa wata rana ana tsakiyar darasi aka ce ga giwa ta shigo Madina. Ɗalibai suka watse kallo, Yahaya ya zauna. Da Imam Malik ya tambaye shi dalili, alhali babu giwa a ƙasarsu, sai ya ce ilimin Malik ne ya kawo shi, ba kallon giwa ba. (Giwarmu ta yau tana cikin aljihu, kuma ba sau ɗaya take shigowa a darasi ba.) Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne, duk da wannan natsuwa, Yahaya ya yi shakkar ko ya ji wasu babukan I'itikafi daga bakin Malik. Bai rufe ba. Ya ruwaito su ta hanyar malaminsa Ziyad ɗan Abdurrahman, kuma har yau haka suke a littafin. Ya san iyakar abin da kunnensa ya riƙe, ya kuma faɗa.

Irin wannan sanin kai ne muke nema ga ɗalibi, kuma gwajinsa ba wuya. Bayan darasi ya rufe littafin, ya bayyana wa abokinsa mas'alar da Hausarsa ta yau da kullum. Inda ya cije, nan ne bai ji ba, ko da ya ce “na'am” sau goma. Mai baki kuwa ya ɗora wa kansa sharaɗi: ba zai yi raddi ba sai ya maimaita maganar abokin muhawararsa, har shi abokin ya yarda haka yake nufi.

A gida ma da namu aikin. Maimakon mu tsaya ga tambayar yaro ko ya je Islamiyya, mu tambaye shi me malam ya ce yau, mu kuma haƙura ya gama bayani ko da yana in'ina, kada mu ƙarasa masa. 'Yan matan da suka fara girma sun fi kowa buƙatar wannan, domin tambayoyin haila da wanka su ne aka fi haɗiyewa. Uwa ta buɗe wa 'yarta ƙofar da kanta. In ita ma ba ta da amsar, to a rubuta a takarda a miƙa wa malama ba tare da suna ba, kamar yadda ake miƙa tambayoyi a wuraren tafsiri da azumi.